Gudun Kwamfutar Baba Kunne

A unguwar ba kowa ya san sunansa na gaskiya ba. Baba Kunne ake ce masa, tun zamanin da yake aiki a gidan ruwa, inda yakan kafa bakin sukudireba a jikin famfo, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya faɗi abin da ke damun injin tun ba a kwance shi ba. Ya yi ritaya, amma kunnen bai yi ba.

Sauti yake tarawa, kamar yadda wasu ke tara tantabaru. Tun yana saurayi ya sayi rikoda mai cin kaset, kuma bai taɓa ɗaukar waƙa da ita ba. A cikin kwalayen da ke ƙarƙashin gadonsa akwai kukan ƙofar wani tsohon shago da aka rushe. Akwai ruwan sama a kan kwano, akwai ruwan sama a kan tamfol, don ya ce ba yare ɗaya suke yi ba. Akwai jirgin ƙasan da ya daina bi ta bayan gari. Akwai ma minsharin abokinsa mai walda, wanda har gobe yake rantsuwa ba nasa ba ne.

Matarsa ta yi shekaru tana mita a kan kwalayen nan, har Allah ya karɓi abarsa. Sai bayan ta rasu ya gane abin da ya hana shi sakat: shi da ya bi ƙofofi da jirage da rikoda, bai taɓa ɗaukar muryarta ba. Tana nan kullum, kamar iska. Wa zai ce bari in ajiye iska?

Wata rana yana bin kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya saka wani mai jan bango da ya daɗe da mantawa. Gyare ne yake kuka a ƙarƙashin tankin ruwa na tsohon gidan hayarsu. Gyaren ya yi ta yi, ya yi ta yi. Can wajen ƙarshe, sai aka ji ƙarar takalmi, sai murya ta faɗo, mai sauri, mai kaifi: "Wai kai, Malam, ba ka da aikin yi ne?" Ta ci gaba da faɗa, ba ta san ana ɗauka ba.

Da ya cire kaset ɗin, ya ga wani baƙin gari-gari a kan bakin rikodar, inda zare ke gogawa. Ya shafa da yatsa ya duba. Zaren ne yake zubewa. Duk lokacin da ya saurare ta, wani abu daga muryar yana komawa ƙura.

Shi ya sa ya tashi haɗa kwamfuta.

Autarsa tana aiki a wani shagon gyaran kwamfuta, a saman benen kasuwar kayan wuta. Ita ta riƙa kawo masa kaya a jakarta, irin waɗanda masu su suka yar: yau faranti mai layuka kamar taswirar gari, gobe fanka, jibi wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ta ce shi ne firosesa, ƙwaƙwalwar abin gaba ɗaya. Mai walda ya yanka masa akwati daga jikin tsohuwar firji. Baba Kunne da hannunsa ya ɗaure kowace ƙusa, ya cusa kowace waya, Auta na tsaye a kansa tana cewa, "A hankali, Baba, ba famfo ba ne." Bai gaya mata zancen kaset mai jan bango ba. Cewa kawai ya yi yana son ya kwashe sautukansa ya zuba a wurin da ba sa ruɓewa.

Ranar da suka fara kunna ta, Auta ta danna wani maɓalli, wani shuɗin shafi ya fito cike da lambobi. Ta nuna masa ɗaya da farce. "Ka ga wannan? Gudun firosesa ke nan. Na saita ta. Kada ka taɓa." Ta jona rikodar da kwamfutar da waya, ta nuna masa jan maɓallin da ake dannawa a fara ɗauka, ta ce ya jira ta ranar hutu su yi tare.

Ya so ya jira. Amma ya zauna shi kaɗai a ɗakin, ga kwamfuta, ga kaset, sai tunani ya fara yi masa yawo. A gidan ruwa, idan ruwa ya taso da ƙarfi kuma famfo yana tafiya a sanyaye, sai ruwan ya fi ƙarfinsa ya malale a ƙasa. Maganin shi ne a ƙara wa famfo gudu. To ita marigayiyar, in ta fara faɗa, harshenta ya fi ruwan damina. Wannan ɗan ƙarfen da aka tsinto a shara, zai iya kwashe maganarta duka bai zubar da rabi ba? Auta ta saita shi don mutanen yanzu masu magana suna jan baki. Ba ta yi lissafin uwarta ba.

Ya kashe, ya kunna, ya danna maɓallin nan. Shuɗin shafi ya fito. Lambar tana kan talatin da huɗu. Ya tura ta zuwa arba'in.

Fankar ta canza murya nan take. Kunnensa ya ji, ya kuma san me ya ji, domin ya sha jin irin wannan kukan a bakin injin da ake zalunta. Amma ya ce wa kansa ƙarfi ne ya ƙaru. Ya murza kaset ɗin da biro a hankali har kusa da wurin, ya saka, ya danna ja, ya rufe ido. Gyare ya yi kuka. Takalmi ya taho. Ta yi faɗanta tun daga farko har ƙarshe, shi kuma yana murmushi kamar yaron da aka kama da sukari a baki. Da ya buɗe ido, allon ya sandare. Layin da ke rawa in sauti na shiga ya tsaya cak tun a kan gyaren. Kwamfutar ba ta ɗauki komai ba.

"Ka ƙware," in ji shi, yana duban akwatin. "Na sani. Ta fi ƙarfinka."

Ya tura lambar zuwa arba'in da shida, ya ƙara wa wata lamba da ke ƙasanta, wadda ya fahimci ta wuta ce, don famfo mai gudu yana son wuta. Ya sake murza kaset, ya sake sakawa. Wannan karon takalmin na tahowa, sai kwamfutar ta ɗauke ɗif, allo ya yi baƙi. Kafin ya kai hannu ya tsayar da rikoda, zaren ya yi wani ƙiii, kuma inda ya kamata a ji "Wai kai, Malam", sai wata 'yar shashsheka ta fito, kamar ana magana ta bayan bango. Ya cire kaset ɗin. Ƙurar da ke bakin rikodar ta fi ta kullum.

Daga nan kwamfutar ta ƙi tashi. In ya danna, fanka ta juya ta tsaya, shi ke nan.

Ranar hutu da hantsi Auta ta shigo da sallama, jakar kayan aiki a kafaɗa. Tun daga ƙofa ta tsaya tana shinshina.

"Baba, me ya ƙone?"

"Ba abin da ya ƙone. Gajiya ta yi."

"Kwamfutar da ba ta yi aikin komai ba ce ta gaji?" Ta ajiye jaka, ta danna maɓalli. Fanka ta juya ta tsaya. Ta juyo ta dube shi, irin kallon da yakan yi mata tana ƙarama in ta ɓoye hannu a baya. "Ka shiga shuɗin shafin nan."

"Leƙawa na yi."

"Ka leƙa, sai lambar ta gan ka ta tsorata ta hau sama da kanta? Nawa ka kai ta?"

Ya faɗa mata. Ta dafe kai.

"Innalillahi. Baba, wannan ai ko sabuwa ce dal, mai fanka kamar ta silin, ba za a kai ta nan ba. Har wuta ka ƙara? Wai kai, Baba, ba ka da…" Sai ta ga yadda fuskarsa ta canza. "Mene ne?"

"Ƙarasa."

"A'a, yi haƙuri. Bakina ne."

"Ba naki ba ne," in ji shi. "Aro kika yi."

Ya ɗauko kaset mai jan bango daga aljihun rigarsa, ya ɗora a tebur, ya gaya mata abin da ke ciki, da abin da ya riga ya zube. Ya gaya mata zancen famfo da ruwan da ke malalewa. Yana jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon kaset ɗin, ba ta taɓa shi ba.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Faɗa take min a ciki. Mutum bai cika son 'ya'yansa su ji ana yi masa faɗa ba."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta jawo jakarta. "To. Bari mu ga ko ka kashe ta ko suma ta yi."

Ta zare wayar wuta, ta buɗe gefen akwatin. A jikin farantin akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo. Ta ɓanɓaro shi da farce ta miƙa masa. "Riƙe. Wannan ne yake tuna mata abin da ka gaya mata. In aka cire shi aka ɗan jira, sai ta manta, ta koma yadda aka haife ta."

Baba Kunne ya juya batirin a tafin hannunsa. Abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Ashe akwai halittar da ake cire wa tunani a riƙe a hannu, ta wayi gari ba ta san an cuce ta ba.

Kafin su mayar, ta kwance fankar da ƙarfen da ke ƙarƙashinta mai haƙarƙari, wanda ke janye zafi. Man da ke tsakaninsa da firosesa ya bushe ya farfashe kamar ƙasan tafki. Ta goge shi tas, ta ɗiga sabo ɗan kaɗan, tana aiki tana magana.

"Ka ga, Baba, abin nan bugawa yake yi kamar zuciya. Kowane bugu, ya yi ɗan aiki ɗaya. Lambar nan ita ke gaya masa sau nawa zai buga. In ka ce ya buga fiye da ƙarfinsa, kafin ya gama aikin bugun farko na biyu ya iso, sai ya rikice, ya sa ƙafa a inda ba mataki. Ga zafi kuma. Shi ne ya sandare maka da farko, na biyun ya kashe kansa don kada ya narke."

"To maganarta fa? Kin san saurinta."

"Ko a talatin da huɗun, tsakanin kalmarta ɗaya da ta biyu, abin nan zai iya zuwa kasuwa ya dawo ya yi barci. Ba gudu ake nema a wurinsa ba. So ake ya zauna ya saurara har a gama, kada ya tashi a tsakiya."

Ya juya maganar a ransa. Shi ma, in ya tuna, ba rashin saurin fahimta ne ya sa ya rasa yawancin abin da ta faɗa masa a rayuwa ba. Tashi yake yi a tsakiya.

Aka mayar da batir. Auta ta danna. Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa, allo ya kawo haske. Baba Kunne ya sauke numfashi. A shuɗin shafin lambar ta koma talatin da huɗu. Auta ta mayar da ta wutar yadda take, sannan ta rage gudun zuwa talatin.

"Af! Ƙasa kuma?"

"Ƙarfen janye zafin nan ba nata ba ne, na wata ƙarama ce na samo. Ga akwatin Kawu mai walda ba ya shan iska, ga abin da ka yi mata. Gara ta tafi a sanyaye."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kaset mai jan bango. Ta riga shi, ta dafe.

"Tukuna. Sai mun gwada ta da wani, tun daga farko har ƙarshe, mu ga ba ta tsaya ba. Kawo wanda ba shi da amfani."

"Babu wanda ba shi da amfani."

"Baba."

Suna cikin haka mai walda ya yi sallama ya leƙo, da tabaransa na aiki a goshi. "Ina injiniya? An ce ka dafa kwamfuta, na zo a sammin."

"Ka zo a daidai," in ji Baba Kunne. Ya durƙusa ya jawo kwali, ya zaro wani kaset. "Ga wanda ba shi da amfani."

Da minsharin ya cika ɗakin, mai walda ya buga cinya. "Wallahi ba ni ba ne! Wannan janareta ne. Auta, ke da kika yi boko, wannan muryar mutum ce?"

"Ni dai, Kawu, na ji janaretan ya ce a ƙara masa shayi."

"Ku gidan nan ba ku da kunya, daga uban har 'yar."

Ya zauna duk da haka, ya saurari kansa har ƙarshe, yana musu. Auta ta buɗe wani ɗan akwati a gefen allon mai nuna zafi. Lambar ta hau kaɗan ta tsaya, ba ta ƙara motsi ba. Layin sauti ya yi ta rawa har kaset ya ƙare. Da ta kunna abin da aka ɗauka, minsharin ya dawo cif, ba gutsure. Mai walda ya ce yanzu kam an gama da shi, tunda abin ya shiga inda ba ya goguwa. Ya ga kaset mai jan bango a tebur, ya dubi fuskar abokinsa, sai ya miƙe ya ce ya bar ƙarfe a wuta. Ya ja musu ƙofa.

Auta ta goge bakin rikodar da auduga. Baba Kunne ya murza zaren da biro, a hankali, yana jin yadda yake ɗan mannewa. Ya san wannan ce ta ƙarshe. Ba wanda ya gaya masa, yatsunsa ne suka ji.

Ta kashe lasifikar don kada girgiza ta taɓa rikodar, ta jona abin sawa a kunne, ta miƙa masa. Ya karɓa, ya riƙe, sai ya mayar mata.

"Ke saka."

"Baba, naka ne."

"Ni in na ji ta, rufe ido nake yi. Haka aka yi wancan karon. Dole wani ya tsaya a kan injin." Ya ɗauko tsohuwar sukudirebarsa daga aljihun tebur. "Ke ba ki taɓa ji ba."

Ta saka. Ta danna ja, ya danna rikoda. Ya kafa bakin sukudireba a jikin akwatin firjin, ya ɗora kunne a mariƙin, idonsa a kan lambar zafi.

Abin da ya ji shi ne fanka tana tafiya lafiya lau, murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar famfon da aka ba ruwa daidai cikinsa. Can ƙarƙashinta akwai wani siririn zuuu da bai san na mene ne ba, ya ce a ransa wataƙila bugun ne da Auta ta faɗa, sun yi yawa har sun zama abu ɗaya. Lambar zafi ba ta motsa ba. A gefen idonsa yana ganin layin sauti: ƙananan tsalle-tsalle na gyare, sai wuri ya ɗan kwanta, sai kuma layin ya tashi tsaye ya fara dukan sama da ƙasa ba hutu. Ita ce. Ya gane ta ko a zane. Bai ɗaga kunnensa ba. Ya ji kafaɗar Auta tana girgiza kusa da shi, bai san ko dariya ce ko kuka ba, bai kuma waiwaya ba.

Layin ya kwanta. Gyare ya dawo. Jim kaɗan rikodar ta yi ƙas, zaren ya tsinke, ɗaya ƙafar kaset ɗin ta ci gaba da juyawa ita kaɗai.

Auta ta tsayar da ɗauka, ta adana, ta sake adanawa a wani ɗan abu da ta ciro daga jakarta. Sannan ta cire abin kunnen. Fuskarta a jiƙe, tana dariya.

"Baba, ashe ni ce nake tsala ihu a baya? Cewa take ka bar ƙwaro ka zo ka karɓe ni, tana da aiki."

"Ke ce. Ba ki da dama tun a lokacin."

"Ka zo ka karɓe ni?"

Ya yi ɗan tunani. "Sai da gyaren ya gama."

Ta mayar da lasifika, ta kunna masa. Kalmomin farko ba su dawo ba, shashsheka ce kawai a wurinsu. Amma daga "ba ka da aikin yi ne" har zuwa inda takalminta ya juya ya tafi, komai na nan, da saurinsa, da kaifinsa, ba digo ɗaya da ya malale. Ya saurara ido a rufe.

Da ta ƙare, Auta ta kai hannu. "In sake?"

"A'a, bar shi. Kada ya…"

"Wannan ba ya zubewa, Baba. Ko sau dubu."

Ya gyaɗa kai, amma bai ce ta sake ba. Ya daɗe da saba yi wa muryar nan tattali, hannunsa bai iya ɓarna da ita ba tukuna. Ya ɗauki kaset mai jan bango da zarensa a tsinke, ya mayar aljihun riga. Sannan ya sake kafa sukudireba a jikin akwatin, ya saurara.

"Talatin ɗin nan," in ji shi, "a bar ta a nan."

"Da ma wa zai taɓa?"

Ya jawo kwalin farko daga ƙarƙashin gado, ya fara neman ruwan sama a kan tamfol.